Garin Ƙarfen Da Ke Jikina

Salama a gare ku. Na daɗe ban ce uffan ba a shafin nan, har na ji wasu sun fara yi mini addu'ar mamaci. Ina nan Kankia da raina. Jinya na yi.

Da fitsari abin ya fara. In tsuguna ya ƙi zuwa, in miƙe ya matse ni. Ni da na tsufa a aikin duba lafiyar shanu a Kusada, sai ga shi na kasa faɗa wa kowa, har mai ɗakina.

Ranar da na ga jini aka wuce da ni Katsina. Gwajin jini, hoto, sannan suka tsinko ɗan nama. Likita ya ce ciwon daji ne a wata ƙaba da ke ƙarƙashin mafitsara. Aka yi magani, ya lafa, ya sake dawowa. Gonata ta Kaikai a nan ta tafi.

Ɗiyata Hajara ma'aikaciyar jinya ce a Turai. Ta kira ta ce, "Baba, akwai maganin da ake gwadawa a nan. Sun yarda su duba ka, kuma ba za ka biya ba."

Gwaji, kuma kyauta. Raina bai kwanta ba. Yayana ya ce, "Ɗahiru, kaza ake watsa ma tsaba kyauta." Na tafi ne kawai don ba ni da wata dabara.

Likitar can, wata dattijuwa, ta nuna mini baƙin ruwa a 'yar kwalba. Ta ce garin ƙarfe ne a ciki, mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa. Za a zuba shi da allura cikin ƙabar, inda ciwon yake, a kwantar da ni a injin maganaɗisu, ƙarfen ya ɗau zafi daga ciki, zafin ya karya lagon ciwon.

Na ce, "Zai fita daga jikina?"

"Mafi yawansa zai zauna."

"Zan warke?"

"Ban sani ba. Shi ya sa muke ce masa gwaji. Amma duk sa'ad da ka ce a tsaya, za a tsaya."

Ban yarda da ita ba. Hajara ma na riƙa kallon fuskarta, ko akwai abin da aka faɗa mata ta ɓoye mini.

Rannan ina kwance cikin injin, ba abin da ke damuna, na ɗaga hannu na ce a tsaya. Nan take suka kashe shi. Sai lokacin na ɗan saki jiki.

Yadda ake ji: ɗumi mai nauyi a mara, fatar matsematsi na raɗaɗi, gumi, gajiya. Sun haɗa mini da gashi, irin na hasken inji da ake yi ma masu ciwon daji. Yanzu gwajin jinina ya yi kyau, alhamdulillahi, amma ina komawa awo a kai a kai. Ko ƙarfen ne ya yi aiki, ko gashin, likitar ta ce ita ma ba za ta rantse ba.

Makon jiya aminina Malam Sule ya zo daga garin Boko da wani ƙulli. Shi ma fitsarin ne. Ya ce, "Ranar kasuwa na saya wurin mai tallar magani da lasifika. Cewa ya yi maganin nan ne ya warkar da kai. A dama a kunu, a ɗaura mayen ƙarfe a mara."

Na kwance ledar. Dusar ƙarfe ce irin ta bakin shagon walda. Ya riga ya fara sha.

Jama'a, ban ba kowa sirrin magani ba, kuma wannan abu ba a shan sa. Duk wanda ya ce lallai za ka warke, riƙe kuɗinka. In fitsarinka ya canza, je asibiti tun kafin jini, kunya ba ta magani. In aka ce gwaji ne, yi ta tambaya har a gaji da kai, kuma ka tabbata kana da ikon cewa a tsaya.

Na gode wa Allah, na gode wa mai ɗakina da Hajara, da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Malam Sule na Katsina yanzu, an ɗebi ɗan namansa don gwaji, muna jiran sakamako. Ku sa shi a addu'a.