Duwatsun da Baba ya jera a tabki

A daminar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko, wata safiyar Laraba, na tarar da gefen garkarmu ya zube cikin tabki, da kunyar rake guda. Na tsaya ina kallon saiwoyi suna lilo a iska. Garkar nan ita ke ciyar da mu duk lokacin da Baba ya tafi cin rani Ikko, ga shi ruwa yana gutsurarta. In iska ta taso, ƙananan igiyoyin ruwa sukan zo a karkace su daki gaɓa, su rarake ƙasan, sai saman ya rufta. Sauran yara suna kamun tarwaɗa da wasan ninƙaya, ni kuwa ina tsugune ina auna abin da ya rage da tafin ƙafata, abinci ma ba ya shiga.

Baba ya taɓa yin dako a bakin teku, ya ga yadda ake jera manyan duwatsu su miƙe cikin ruwa don su tare rairayi. Sai ya ari amalanke, muka yi ta jido duwatsu, ya jera su kamar yadda ya gani. Kafin wata ya fita, yashi ya taru a gindinsu, gaɓarmu ta daina zubewa. Na samu barci.

Amma garkar da ke bin tamu ta Inna Hajo ce, wata gwauruwa mai jikoki. Yashin da ruwa ya saba kai mata ya tsaya a wurinmu, igiyoyin suka koma cin gaɓarta tsirara, har itacen lemunta ya kwanta cikin ruwa. Ba ta kai ƙara wurin mai unguwa ba. Ta leƙo ta kan darni ta ce wa Baba, "Malam Sani, tekun da ka zo mana da ita daga Ikko, a gidana ta sauka." Daga baya Baba ya ce wa mahaifiyata, "A can ma haka ne, bakin ruwa duka a haɗe yake. Na ga duwatsun, ban je na ga ƙauyen da ke bayansu ba." Washegari ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ina biye da shi ina roƙon ya bar ko kaɗan. Bai bari ba. Daminar ta cinye mana kusan rabin garka, Baba kuma ya koma Ikko tun kafin a gama girbi.

Yau a Matameye kowa cike gefen tabki yake yi da shara da buhunan ƙasa, ya ɗora gini. Ba wanda ke leƙa na kusa da shi. In hadari ya haɗu, nakan fita in yi ta zagaya gaɓar, ina duba gidan da ya fi ƙasa. A waccan shekarar da Baba ya kwashe duwatsun mun sha yunwa, amma Inna Hajo ba ta daina aiko mana da miya ba.