Minsharin Auta

Ke 'yar nan, wa ya ce miki duk mai minshari barci yake yi? Mijinki ya faɗo daga babur, ya buga kai, ya shigo ya kwanta, ke kuma kina nan kina hana yara surutu wai kada su tashe shi? Aiki yaron nan ya kira mai mota. Kafin ta iso, zauna ki ji labarin ƙanena.

Auta muke ce masa, don daga shi uwarmu ba ta ƙara ba. Ni na goya shi. Mai aski ne, shagonsa ɗan ƙarami a bakin titi, kujerar ƙarfe ɗaya, benci, da madubin da ya tsage a kusurwa, kullum wai gobe zai canza shi. Babu kan da bai sani ba a unguwar. Idonsa a rufe, ya shafa ƙeyarka zai faɗi ɗan gidan wa ne kai. Ga tsokana. Mai sanƙo ya zauna, sai ya ce, "Baba, aski za a yi ko shara?"

Bai yi aure da wuri ba, to a gidana yake cin abincin rana. Ya ci, ya miƙe a tabarmar zaure, sai minshari. Kai, minsharin Auta! Maigidana, kakanki, yana cewa injin niƙa ya tashi. Har maƙwabta sun san shi. Kuma doka ce a gidan, ba mai tashinsa, don in ka tashe shi yini zai yi yana mita. Yara har sanɗa suke yi in za su wuce.

Ranar nan fankar shagon ce ta tsaya. Ya taka benci zai duba ta, bencin ya goce, ya faɗo, gefen kansa, nan saman kunne, ya bugi hannun kujerar ƙarfen. Waɗanda ke wurin suka ce ya ɗan suma. Suka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya tashi yana dariya. Ya shafa wurin da hannun nan nasa da ya san kawuna. Ba jini, ba wani ƙulli na kirki. Ya ce, "Kujerar ku duba, ita ce ta ji ciwo." Ya ma ƙarasa wa mutumin da ya bari da rabin aski.

Da ya zo gida shi ya ba ni labarin da bakinsa, har da kwaikwayon yadda ya faɗi. Na ce, "Kawo kan in gani." Na tona gashin, tsaf. Mu a saninmu ciwon kai na faɗuwa jini ne, in bai zuba ba an tsira. Ya ci loma kaɗan ya ture kwanon, ya fita bayan gida ya yi amai, ya ce zafin rana ne. Ya kwanta.

Minshari ya tashi. Muka yi ta dariya, kakanki ya ce yau injin har da ƙarin mai. Sauran gidaje da sun ji irin wannan numfashi da sun tsorata, don wani gurnani ne mai ja, ya tsaya, ya dawo. Mu kuwa mun saba. Muka yi ta tafiya a hankali muna rage murya.

Sai da rana ta yi sanyi wani ya zo daga shago yana cigiyarsa. Kakanki ya taɓa ƙafarsa. Shiru. Ya jijjiga shi. Hannunsa ɗaya ya zube kamar tsumma.

A asibiti likitar mace ce, 'yar siririya. Ta kira shi, ta mintsine shi, sannan ta ɗaga fatar idonsa ta haska 'yar tocila. Ta ce in matso. Ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido, na ɗaya ya tsuke da haske ya taɓa shi, na ɗayan kuwa ya buɗe wangwam, ko motsi. Kamar taga a gidan da mutanensa suka tashi. Har yau ina ganin idon nan.

Suka tura shi cikin wata na'ura kamar ƙaton zobe, mai ɗaukar hoton cikin kai. Aka nuna mana a gilashi. Wani farin abu kamar ɓarin lemo ya kwanta a gefe, ya ture ƙwaƙwalwar. Ta ce jini ne. Na ce, "Likita, ai na duba, bai fita ba." Ta ce, "Mama, a ciki ya zuba. Ƙashin wurin siriri ne, akwai jijiya a ƙarƙashinsa. Ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa, to jinin sai ya danne ƙwaƙwalwa. Mutum zai tashi ya yi hira lafiya lau, alhali yana taruwa."

Kafin su shiga da shi wata ma'aikaciya ta aske masa rabin kai da reza, a gurguje, tudu da kwari. Na tsaya ina jira ya buɗe baki ya ce wa ya koya mata wannan ɓarnar.

Sun buɗe ƙashin sun kwashe jinin, ya rayu. Shekaru ya yi a zauren nan, amma bai sake magana ba. Sai dai in yaro ya wuce kusa, ya miƙa hannunsa mai lafiyar ya shafa masa ƙeya. Kuma ko da wasa bai sake minshari ba. Gidan ya yi tsit, mu da muka saba rage murya muka rasa don wa za mu rage.

Ga motar nan na ji. Shiga ki tashe shi, ko zai yi faɗa ya yi, faɗan nake son ji. A asibiti ku ce musu kai ya buga, su haska idon, su ɗauki hoton.

Ni na ɗauko wa Auta matashi ranar, na sa masa a ɓangaren da bai bugu ba. Ya gyara kwanciya, ya rufe ido yana murmushi, ya ce, "Yaya, ki ce wa yaran su yi wasansu. Yau ba abin da zai tashe ni."