Hular Shugaban Laburare

A shekarar da nake rubuta furojet ɗina na ƙarshe, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, karatun kwaleji kuma sai ƙarshen mako. Malamin da ke duba aikina ya ce akwai littafin da dole in kafa hujja da shi a babi na biyu, in ban kai kafin a rufe zango ba, sai baɗi. Wai abu ne mai sauƙi, in shiga shafin laburare ta waya in sauke.

Mai sauƙi a bakinsa. A garinmu sabis ba ya shiga gida, sai na fita gindin tsamiyar gonar Baba na ɗaga waya sama. Lokacin noman farko ne, kowa ya duƙa, ni kaɗai nake tsaye ƙerere.

Wanda ya tsara shafin nan, na rantse bai taɓa buɗe shi a waya ba. Abin da ke fara zuwa shi ne hoton shugaban laburaren, ƙato, yana saukowa a hankali: hula kube mai ruwan goro, goshi, gilashi. Kafin a kai gemu sabis ya ɗauke. Wurin neman littafi kuwa an cusa shi can gefe, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. In na danna sai yatsana ya taɓa na kusa da shi, a mayar da ni wajen hula. Na tsani hular nan.

Rannan Baba ya dafa fartanya ya ce, "Wai wane ne wannan da kake zuwa gaisarwa kullum?"

Da kwanaki suka ƙure, na hau mota na tafi kwalejin. Matar da ke bakin kantar laburaren ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ai mun ci gaba, Malam. Tsofaffin littattafan an ɗaure su a sito. Komai yana onlayin."

Ɗakin kwamfuta kuma a kulle, wai ana jiran manyan baƙi su zo su buɗe. A nan na san sai baɗin.

Ina fitowa wani ya sauko daga mota, ana ta rusuna masa. Hular na fara ganewa. Ban gaishe shi ba, tsayawa na yi na ƙare masa kallo. Tunda shekara guda ta tafi, ai gara in ga gemun.