Ranar da mataimakin abokina ya yi gum a tsallaken ruwa

Shekarun baya kaɗan, ni da abokina muka samu aikin rubuta manhaja daga wani kamfani na Abuja, muna yi daga gida a Yelwan Yawuri. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada ko layi ɗaya na aikinsu ya fita daga kwamfutocinmu. Wanda ya karya, ko dai ya tattaro ya dawo ofis a sa masa ido, ko a sallame shi. Ni gwauro ne a lokacin, ko'ina aka jefa ni zan zauna. Abokina kuwa babansa ya samu shanyewar ɓarin jiki, shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka. Barin Yawuri ba ya cikin lissafinsa.

A lokacin ne aka fara yayin mataimakan nan masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda kana fara rubuta layi su ƙarasa maka. Ni da Allah Ya yi ni da zargi, na sauke wani ƙarami na girka shi a cikin kwamfutata, ba ruwansa da intanet. Sai dai nawa gare shi, ba ya da sauri. Kafin ya kawo shawara na kurɓi shayi, fankar kwamfutar kuma tana kuka kamar injin markaɗe.

Abokina ya shiga kasuwar da ake sauke ƙarin kayan aiki na manhajar da muke rubutu da ita, ya ɗauko wani mai taurari biyar. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa komai a cikin na'urarka yake yi. Ga shi da sauri kamar me. Kullum sai ya tsokane ni: "Malam, tsohon naka ya farka ko har yanzu barci shikai?" In yi dariyar yaƙe. Gaskiya na yi hassada, har na fara tunanin saukewa a ɓoye.

Sai bikin ƙanwata ta wajen Inna ya taso, a wani ƙauye tsallaken ruwa daga Wara. Abokina ya ce zai raka ni; ga aiki ya matso, dole muka cusa kwamfutoci a leda muka shiga jirgin ruwa. Ƙauyen ba sabis ko ɗigo. Da aka ci tuwon shinkafa da kifi, muka samu gindin mangwaro muka buɗe aiki, makaɗa na can suna yi.

Tsohona ya kama kukansa, yana kawo layi a hankali. Na abokina kuwa gum. Ya kashe ya kunna, shiru. Can sai ga ɗan saƙo a ƙasan allo, wai ya kasa isa ga wani adireshi da ba mu taɓa gani ba.

Na buɗe baki zan rama tsiyar da aka daɗe ana yi mini, sai na ga fuskarsa.

"Mi zai kai shi neman waje," in ji shi, "in da gaske ciki shike aiki?"

Nan muka gane. Duk saurin nan ashe wata kwamfuta ce a wata duniya ke yi, kuma duk abin da abokina ya buɗe tun ranar da ya sauke shi, har makullan sirrin kamfanin, can yake tafiya. Ya rufe kwamfutar ya ce a hankali, "To wa za ya ɗaga Baba?" Wallahi tausayinsa ya sa na ji kunyar dariyar da na so yi.

A nan gindin mangwaron muka cire shi. A jirgin dawowa na ce masa ba wanda ya sani sai mu. Sai ya ce makullan suna hannun wani, in ya yi shiru wasu za a cuta. Muna taka gaɓar Wara ya kira shugabar aikinmu, ya faɗi komai.

Ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta ce za a canza makullan yanzu, ya rubuto mata bayani, kuma daga yau ba mai sauke komai sai an duba. Ya ce, "Hajiya, maganar dawowa Abuja fa?" Ta ce, "Mutumin da ya kira ni da kansa, me zan sa wa ido? Zauna inda kake."

Har yau in zan sauke wani abu, sai na katse intanet na ga ko zai rayu. Amma in na tuna ranar, ba wayona nake tunawa ba, don ni ne na ce a yi shiru. Abin da nake gani shi ne abokina zaune a bakin gaɓa, takalmansa cike da laka, yana kiran gida yana cewa a gaya wa Baba ya ɗan jira, ga shi nan tafe ya yi masa wanka.