Buhu Nawa Take Ɗauka?

Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanya daga Kano, ni da maiɗakina da ƙanwata, a ƙaramar jif ɗin nan da na dame ku da hotunanta tun watan jiya. Da yawanku kun ce in na gwada ta a hanya in faɗa muku gaskiyarta. To ga gaskiyar, sai dai ku yi haƙuri da ni, don ba gwajin mota kaɗai ya fitar da ni ba. Ƙauyenmu na nufa, can bayan Gwaram, wurin Baffa, ƙanen mahaifina, wanda rabon da mu yi maganar kirki da shi shekara huɗu ke nan.

Laifin nawa ne. Tun rasuwar mahaifinmu Baffa ke noma gonarsa, kuma duk kaka sai ya sa buhun gero a motar haya ya aiko mini. Wata shekara wayon 'yan boko ya ɗebe ni, na ga wahalar aiken ta yi wa tsoho yawa, na kira shi na ce ya huta, ai gero akwai shi a Kano. Ya ce, "To." Daga wannan rana buhu bai sake zuwa ba, gaisuwarmu kuma ta koma daga Sallah sai Sallah. Ni sauƙi na nema masa, shi kuwa abin da ya ji shi ne ɗan wansa ya fi ƙarfin hatsin gidansu. Na daɗe ina son zuwa in gyara, ina fakewa da cewa tsohuwar motata ba za ta iya hanyar ba. Da na sayi wannan, sai uzurin ya ƙare.

Motar 'yar Kwatano ce. Injinta lita biyu, silinda huɗu, giya otomatik, kujerun mutum biyar. A kan kwalta ba ni da abin cewa a kanta. Direba yana zaune a sama, yana hango rami tun kafin ramin ya same shi, kuma daga gida har muka wuce Wudil allurar mai da kyar ta motsa. Inda take nuna ƙanƙantarta shi ne wajen wuce tirela. In na'urar sanyi tana kunne ka taka totur, sai ta yi jim tukuna, kamar wadda aka aika tana cikin cin abinci, sannan ta zabura. Abu guda da dillali ya faɗa mini a gurguje, ni ma ban ba shi muhimmanci ba, shi ne tayoyin gaba kaɗai ke ja. Jikinta dai na jif ne, amma ba ta da giyar taimako.

Hantsi bai gama fitowa ba muka shiga Birnin Kudu. Duwatsun nan suna nan yadda na bar su, a jingine da juna, ka rantse yau za su gangaro. Muka tsaya karin kumallo a bakin tasha. Ƙosan garin bai rame kamar namu na Kano ba, kuma abin da za ka biya mutum biyu su lasa a can, a nan mu uku ya ƙosar. Mai shayi ya dubi motar, ya dube ni, nan take ya naɗa ni Alhaji. Maiɗakina ta ce in karɓa kawai, ai kujerar Makka mafi arha ke nan da zan taɓa samu.

Daga nan muka miƙi hanyar Gwaram. Kaka ta yi kyau a wannan yanki. Dammunan gero a jere a gonaki, riɗi a tsaye an ɗaure shi yana shan rana, amalanken shanu suna bin gefen titi ba ruwansu da hon ɗin kowa. Kwaltar da kyau, sai wuraren da ruwan damina ya ciccinye gefenta. Ni dai hankalina rabi a hanya, rabi a kan jawabin ban-haƙuri da nake ta shiryawa a zuci, ina gyara shi kamar takardar neman aiki.

Bayan Gwaram muka sauka daga kwalta muka hau burji, daga burji muka faɗa turbar amalanke. A nan motar ta fara biyan kuɗinta. Tayoyin amalanke sun haƙa kwari biyu sun bar tudu a tsakiya, irin tudun da ke yage cikin ƙaramar mota, ita kuwa ta bi ta kansa ko gezau. Dab da ƙauyen akwai rafi, ruwansa ya janye saura rairayi, da gaɓa mai ɗan tsayi ta kowane ɓangare. Muka gangara, muka haye, ko numfashi ba ta sauya ba. Na dubi matan nan ina jiran yabo, su kuwa hirarsu kawai suke yi.

Baffa ya karɓe mu da mutunci, kuma mutuncin ne ya fi yi mini ciwo. Mata suka shige cikin gida, ni aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure, inda ake sauke baƙi. A gidan nan aka yanke mini cibiya. Aka kawo fura mai sanyi, aka biyo da tuwon gero miyar kuka da man shanu. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi aiki, na tambayi damina. Jawabin da na taho da shi tun daga Wudil ya ƙi fitowa. Duk sa'ad da na buɗe baki, sai in ji kaina ina tambayar lafiyar shanu.

Bayan azahar ya ce bari ya ga motar. Nan bakina ya buɗe. Na nuna masa kyamarar da ke nuna baya, da jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari in an yi karo, da birkin da ba ya kulle taya. Yana ji yana gyaɗa kai, hannuwansa a baya. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce in buɗe but. Ya daɗe yana kallon cikinsa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Buhu nawa take ɗauka?"

Na san amsar, don ni irin mutanen nan ne masu karanta littafin mota tun daga bango har bango. Nauyin da aka yarda ta ɗauka a rubuce yake a jikin ƙofar direba, kuma da mu uku a ciki, buhu biyu ma an kai maƙura. Amma na gane ba motar yake tambaya ba. Tsoro ya kama ni, kada in sake faɗin gaskiyar da za ta ci mini wasu shekaru huɗun. Na ce, "Duk abin da ka sa mata, Baffa."

Ya sa mata kuwa. Magidanta biyu na maƙwabta suka fito da gero buhu uku da gyaɗa buhu guda. Muka kwantar da ɓangare ɗaya na kujerar baya, abin da motar ke yi cikin sauƙi, but ya ƙara tsawo, ƙanwata ta takure a ɗan abin da ya rage da kabewa biyu a cinya. Ina tsaye ina kallon bayan motar yana sauka a hankali har taya ta kusa ɓuya, hancinta kuma ya ɗaga sama. Baffa kuwa sai ba da umarni yake, a matsa nan, a tura can, muryarsa ta dawo irin wadda na sani tun ina ƙarami. Ko kashe ni za a yi ba zan ce a rage ba.

Bayan la'asar muka yi sallama, ya ce zai taka mana zuwa rafi, shi da maƙwabtan. A gangaren na ji cikin motar ya gurji ƙasa, ƙarar har cikin haƙorina. Muka ratsa rairayin da kyar. Da muka zo hawan gaɓar ƙetare sai ta tsaya. Nauyi duk ya koma baya, tayoyin gaba da ke ja ba abin da ya danne su, sai juyawa suke suna watsa rairayi. Na ƙara wuta, ta ƙara nutsewa, ƙaurin roba ya tashi. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Aka sauke kaya. Ban yarda na tsaya kallo ba, na sa aka aza mini buhun gyaɗa a ka na haye da shi, farar shaddata ta koma abin tausayi. Rabona da dako tun ina sakandare. Da motar ta zama wayam aka tone gaban tayoyin, aka ɗan tura, ta haye kamar ba ita ba. Muka mayar da gyaɗar da gero buhu guda, ta zauna daidai. Saura biyu suna kwance a rairayi.

Baffa ya ce wa maƙwabtan, "A mayar da su gida. Dama ai akwai gero a Kano."

Maganata ce ya dawo mini da ita, ba ragi ba ƙari, ashe tana nan a ransa duk shekarun nan. Kunya ta rufe ni. Na durƙusa a rairayin nan gaban mutane na ce, "Baffa, na yi kuskure, ka yafe mini. Geron nan nawa ne, ajiya na ba ka. Zan dawo in ɗauka."

Sai ya hau ni da faɗa. Wane irin mutum ne zai san dabbarsa ba ta iya kaya ya bari a lafta mata? Ba ni da baki ne? Da karatuna da komai? Ni kuwa daɗi ya cika ni, don baƙo ba a yi masa irin wannan faɗa. Da ya gama ya dafa motar ya ce, "Tashi. Kuma kada ka ƙara wahalar da ita. Ɗaya-ɗaya za ka riƙa ɗauka."

Mun yi magariba a Birnin Kudu, muka shiga gida bayan isha. A dawowa ta fi shan mai, kuma birki yana son a fara taka shi da wuri in akwai kaya. Washegari makanike ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce salansa ta loɓa kaɗan, sauran lafiya lau. Ya ƙara da cewa mai irin wannan hidima a-kori-kura ta dace da shi.

Ga masu tambaya, mota ce ta iyali mai rufin asiri. Tana da tsayin da zai kai ka ƙauye, ba ta cin aljihu a kwalta, amma ba ta son rairayi, kuma abin da aka rubuta a jikin ƙofarta ba wasa ba ne. Abin da na koyo a kaina kuma shi ne, ba kowane nauyi ake sauke wa tsoho ba, wani nauyin da shi yake riƙe da kai. Shawarar makanike ban ɗauka ba. A-kori-kura sawu ɗaya za ta kwashe buhunan nan ta gama, Baffa kuma ya san motata tana ɗaukar biyu, da idonsa ya gani, ya ce ɗaya.