Maiwar da Kaka Ya Rataye a Madafa

Ranar sadakar ukun kakanmu na yi rashin kunyar da har yau ake ba da labarinta a gidanmu na Gusau. Ban ba kowa haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Amma kafin a ce na cika baki, bari in faɗi wane ne tsohon, da abin da aka so a daka a ranar.

Kakanmu ɗan kasuwar hatsi ne. Da jaki ɗaya ya fara tun ba a haifi mahaifina ba, har ya kai ga sito a Gusau, da rumfar saye a Tsafe, da gona a wajen Nahuce ta ƙasar Bungudu. Babban baffanmu ke riƙe da siton, mahaifina ke bin kasuwanni. Kyautar tsohon kuwa har haushi take ba 'ya'yansa. Mace za ta zo awon tiya ɗaya, sai ya tsaya tambayarta yaran gida nawa ne, kafin ka ankara ya tura mata ƙari da gefen hannu yana kallon wani wuri. Motarsa ba ta dawowa daga Tsafe sai da kayan mutane a kan buhunansa, wani lokacin har da akuyarsu. Maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari sun san masara za ta iso musu kafin Kirsimeti. Baffa ya taɓa tambayarsa ko sito suke da shi ko gidan sadaka, ya ce shi ma bai gama tantancewa ba.

Mu jikoki kuwa ya lalata mu. Duk Asabar sai ya kwashe mu a bayan mota zuwa gona, ya saya mana rake a hanya, ya dawo da mu buɗu-buɗu iyayenmu mata suna faɗa. Ni ce babbar jika mace, don haka ni ce matarsa ta wasa. Kullum sai ya sake ni, wai miyata ba gishiri, ni kuma in ce masa ya gode wa Allah da ya samu mai zama da tsoho marar haƙori. Yakan ce bakina zai kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba. Har na yi aure, na haihu biyu, na kama aikin koyarwa, bai daina aiko mini da rake ba.

A shekarun da mutanen daji, wato 'yan bindiga, suka fara tayar da ƙauyuka, wata tsohuwa ta zo rumfarsa a Tsafe. Ta daɗe tana sayar masa da maiwa, wato geron nan mai jinkirin nuna, daga wani ƙauye can bayan gari. Ranar ba ta zo da buhu ba. Zangarniyoyi ne kaɗan ta kwance daga gefen zanenta ta ajiye a gabansa.

"Alhaji, rumbu ya ƙone, gona ba ta shiguwa," in ji ta. "Wagga ita ta rage. Tun kakar kakata muke shuka ta. Ka riƙe mini har mu koma."

Ya ba ta hatsi, ya samar mata ɗaki wurin wasu mutanensa a Tsafe. Wannan ba komai ba ne a wurinsa. Zangarniyoyin ne suka zame masa aiki. Ni ya zaunar ya yi wa bayani, ya ce iri ba ya son dogon zama, in ya shekara biyu uku ba a kai shi ƙasa ba sai ya mutu, ido yana ganinsa kamar lafiya lau. Saboda haka duk damina sai ya shuka maiwar a ƙarshen gonarsa ta Nahuce, nesa da sauran gero don kada su gauraya. Lokacin girbi ni yake ɗauka mu bi kunya-kunya muna zaɓe: doguwar zangarniya, cikakkiya, wadda tsuntsu bai taɓa ba. In na miƙo wadda ba ta yi masa ba sai ya sake ni a tsakiyar gona. Waɗanda muka zaɓa ya ɗaure su da kansa, ya rataye a madafa saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari shiga. Sauran a sussuke a kai wa tsohuwa ta sha furar garinsu.

Haka muka yi shekaru. Ya rasu a ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba, damin irin yana nan rataye, ya yi baƙi da hayaƙi. A duniya babu sauran wannan maiwar sai shi.

Jama'ar da ta zo gaisuwa ta wuce tunaninmu. Daga Tsafe, daga Bungudu, daga Mada, mutanen da ba mu taɓa gani ba suna shigowa suna kuka. Da safiyar sadakar uku mata suna dakan gumbar da za a raba, sai gero ya ƙare. Motar da za ta ɗauko daga sito ta tafi raka baƙi. Goggonmu ta aika wa Baffa, shi kuma ya ce ai ga dami nan a madafa, a sauke.

Ina ɗakin mahaifiyata wurin masu gaisuwa, ban san abin da ake ciki ba. Ruwan zafi na shiga ɗiba a madafa, na ɗaga kai, na ga igiya tana reto babu komai. Na fito tsakar gida na tarar an sussuke shi duka, an sheƙe, an zuba fiye da rabi a turmi an yayyafa ruwa ana surfe. Abin da taɓarya ta taɓa ya riga ya tafi. Ragowar tana cikin wata ƙwarya a gefen turmi, ana jiran a juye.

Ban yi sallama ba, ban nemi izini ba. Na ratsa tsakanin masu daka na ɗauke ƙwaryar na rungume. Goggo ta ce in ajiye, na ce ba zan ajiye ba. Ta ce ko na manta gidan makoki nake, na ce don na tuna ne. Mahaifiyata ta zo ta mintsine ni a hannu tana raɗa mini cewa ina ba ta kunya a gaban surukaina. Na ji zafin, amma ban saki ba. Aka je aka kira Baffa, ya tsaya a bakin ƙofar shiga gida.

In faɗi gaskiya, Baffa ba mugu ba ne, kuma bai yi mini tsawa ba. Idonsa ja ne don kuka.

"Ɗiyata," ya ce, "ƙauyen nan babu shi. Ciyawa ta cinye gidajen. Tsohuwar ko ƙofar ɗaki ba ta kaiwa. Ba gara a daka a raba ba, ladan ya iske shi?"

"Baffa, ba nasa ba ne balle a yi masa sadaka da shi. Ajiya ce."

Wata dattijuwa ta fara salati a hankali, kamar na zagi wani. Baffa ya dube ni ya ce masu ajiyar ba za su taɓa zuwa ba. Na ce wannan tsakaninsu da Allah ne, ni dai abin da na sani a hannuna ba za a daka ba. Ya juya ya fita. Na koma cikin masu zaman makoki na zauna da ƙwarya a cinya, mata suna shigowa suna yi mini gaisuwa suna satar kallonta. Da aka kawo gumbar ban ci ba. Da la'asar na ƙulle irin a mayafina na tafi gidana da shi.

Ruwa ya sauka bayan kwana kaɗan. Mahaifina, wanda bai ce uffan ba ranar, shi ya kai ni Nahuce. Masu aikin gonar suka yi ta murmushi, wai malamar makaranta ta zo shuka. Na bar su da murmushinsu, na nuna musu ƙarshen gonar, na tsaya a kansu har aka rufe rami na ƙarshe. Da girbi na bi kunyoyin ni kaɗai ina zaɓe. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don na miƙa wata siririyar zangarniya gefe, babu mai cewa ya sake ni.

Duk shekara in mun haɗu da Baffa sai ya tambaye ni ko masu ajiya sun zo, in ce suna hanya. A shekara ta biyu tsohuwar ta rasu a ɗakinta na Tsafe. Dangi suka ce to yanzu kuma wa nake riƙe wa? Har mijina ya fara ƙorafin hanyar Bungudu, ya ce kowa yana taka-tsantsan ni ina kai kaina saboda gero. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, akwai ranar da muka juyo daga rabin hanya. Amma na koma washegari. Ni ba a ce mini in riƙe har tsohuwa ta mutu ba. Cewa aka yi har su koma.

Bana, kafin ruwan farko, aka aiko daga gidan Kaka wai wani mutum yana nemana. Na je na tarar da shi a zaure tare da Baffa. Ɗan tsohuwar ne, tura kurar ruwa yake yi a Tsafe, ya rame, furfura ta fito masa. Ya yi doguwar gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce wasu daga cikinsu sun fara leƙa gonakinsu da rana su dawo gari kafin yamma. Ya ce ya san an daɗe, ya san Alhaji ya rasu, ba ya tsammanin komai, amma ko da ƙwaya goma ce ta rage.

Na aika gidana aka ɗauko damin. Na kwance shi a gabansu, na raba biyu, na tura masa rabi. Mutumin ya ɗauki zangarniya ɗaya ya shinshina.

Baffa ya yi gyaran murya. "To, ga shi sun zo. Ki ba shi duka mana ki huta."

Na ce rabin nan ba ya fita.

"Kina nufin za a sake koro su."

"Ina nufin ko sau goma aka koro su, Baffa, za su tarar da iri."

Mako ɗaya bayan nan ruwa ya sauka, na shirya zuwa Nahuce da nawa rabin. Da na fito ƙofar gida, motar sito na tarar tana jirana. Ban tambayi direban wanda ya aiko shi ba, na shiga muka tafi.