Butar da Ta Ƙi Kwana a Kife

Shekarun baya, lokacin da ƙafafuna ke iya kai ni rijiya su dawo da ni, ni ke riƙe da masaukin gidanmu a Salaga. Ɗakuna bakwai ne da zaure. Kakana ya gina su don fataken goro. Goro ya daina bi ta garin, gida ya rage. Sai ya koma na 'yan doya, da direbobi, da duk wanda jirgin ruwan Makango ya tafi ya bari.

Ban yi makaranta ba, ban kuma iya dogon zance ba. Abin da ya faru shi zan faɗa.

Gidan yana da doka biyu. Ta farko ta kakana ce: ba a korar baƙo da baki. Kowane ɗaki da butarsa ta ƙarfe a bakin ƙofa, kullum a cike. In baƙo ya ishi gida, sai a kife butarsa bayan magariba. Ya fito da asuba zai wanke ido, ya gan ta a kife, ya gane. Ya ɗaure kayansa, ya yi sallama, a raka shi bakin titi da mutuncinsa. Ba ihu, ba kunya. Duk wanda ya saba sauka a Salaga ya san labarin butar gidanmu.

Doka ta biyu ta mahaifiyata ce: soja rabin kuɗin ɗaki yake biya.

Da dalilinta. Mun taɓa zama a wani ƙauye kusa da Bimbilla muna sayen hatsi. Shekarar da ƙasar ta rikice, muka gudu da zanen jikinmu. Mijina bai fito ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. A hanya mahaifiyata ta faɗi, ƙafarta ta karye. Na ja ta har bakin titi, ƙarfina ya ƙare. Wata lori ta tsaya. Wani soja ya diro ya ɗauke ta cak, ya ɗora ta a baya, ya tura ni a kanta, ya buga jikin lorin sau biyu, muka wuce Yendi. Shi ya tsaya a titi. Tun ranar take ɗingishi, tun ranar kuma soja ya zama ɗan gida a wajenta.

Na bi dokar shekara da shekaru, ban yi nadama ba. Sojoji kwana ɗaya suke yi, ko biyu, su wuce. Wasu ma su bar mana sabulu.

Sai wata damina, gab da fitowar sabuwar doya, wannan ya zo.

Ina tuna yammacin kamar a mafarki. An sha ruwa an ɗauke. Ƙasa tana tururi, tsuntsaye sun cika itacen darbejiyar ƙofar gida. Ya shigo da jaka ɗaya, dogo, furfura ta fara cin kansa, takalminsa na ƙyalli duk da taɓon hanya. Ya ce shi mutumin Bawku ne, ya bar aikin soja, hutawa yake so ya yi kwana kaɗan. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyata. Ta dubi takalmin, ba ta dubi fuskarsa ba. Ta ce in ba shi ɗakin da ke kallon rijiya. Kowa ya riƙa ce masa Saja.

Kwana kaɗan ya zama wata guda.

Bai sha giya ba, bai kawo mata ba. Da irin wannan ne, da na san yadda zan yi da shi. Nasa daban ne. Ba ya iya ganin kaya a ɗaure. Baƙo ya sauke buhu a tsakar gida, Saja ya taso: "Buɗe." Ya zura hannu har gindin buhun, ya ce, "Wuce." Ya jera bokitan wanka a layi, ya ce kowa ya bi sahu. Wani direba ya tsallake, ya sa shi ya koma baya. Direban ya rantse ba zai sake kwana a bariki da kuɗinsa ba. In ba kaya a tsakar gida, sai Saja ya zauna bakin rijiya yana kallon ruwa, kamar yana jiran wani ya fito daga ciki.

Ni abincin gidana 'yan doya ne. Shugabarsu wata mata ce daga Kumasi, kowa Maame yake ce mata. Kowace damina takan zo da mutanenta su cika ɗakuna biyar, su tara doya a rumfar bayan gida har lori ta cika. Abin da muka samu a watannin nan shi muke ci har wata daminar.

Ranar da doyar farko ta iso, suka tsiba ta a rumfa suka tafi kasuwa. Suka dawo suka tarar Saja ya warware tsibin gaba ɗaya. Doya a warwatse, wasu sun ƙuje, wasu sun karye. Wanda ya san doya ya san wadda ta ƙuje ba ta kai Kumasi da rai.

Maame ta same ni a madafa. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

"Uwar gida, kai ka ajiye mahaukaci ko ka ajiye mutane?"

Na ce, "Baƙo ne."

"Ni fa? Akuya ne? Duba doya na! Shekara nawa ina kwana gidanka? Kasuwa mai zuwa, in na ga sojan nan, ni da yarana duka mun koma gidan tasha. Ka zauna kai da shi ku ci takalmi."

Kwana shida ta ba ni ke nan.

Ban yi shawara da kowa ba. Bayan magariba na je ƙofar ɗakinsa, na zubar da ruwan, na kife butar. Na kwanta ina jin kaina mace mai yanke magana.

Da safe na fito. Buta a tsaye, cike fal, har da ɗigon ruwa a bakinta. Saja na zaune yana goge takalmi.

"Uwar gida, an tashi lafiya?"

Na ce lafiya. A raina na ce, wato raini ne. Na sake kifewa. Da safe a cike. Ran na uku na ɗora mata dutse. Da safe ga dutsen a ajiye gefe guda, an ma share wajen. Ni da na tsallake wuta da ƙafata, ga ni ina kokawa da buta tana kayar da ni. Na fara tunanin ko aljanun rijiyar ne suka shiga maganar. Tsofaffin Salaga sun sha cewa rijiyoyin garin ba su kaɗai suke kwana ba.

Ran na huɗu na sake kifewa. Ana kiran sallar asuba na zauna a ƙofar madafa na yi shiru. Hazon damina ya sauko tsakar gida, fari, har ba a ganin bakin rijiya. Gari ya fara haske kaɗan-kaɗan. Sai na ji taku. Ɗaya mai nauyi, ɗaya a ja. Ɗaya mai nauyi, ɗaya a ja. Na san takun nan tun daga titin Bimbilla.

Mahaifiyata ta fito daga cikin hazon kamar ba ta taka ƙasa, da ƙwarya a hannu. Ta sunkuya da ƙyar, ta tayar da butar, ta goge ta da bakin zanenta, ta cika ta a hankali don kada ruwan ya yi ƙara.

Na ce, "Mma."

Ba ta firgita ba. "Ke ma kin tashi?"

"Ke ce duk kwanakin nan?"

"Ni ce. Dutsen nan naki ya kusa karya mini baya."

"Mma, Maame za ta tafi. In ta tafi me za mu ci?"

Ta zauna a bakin turmi tana haki. Ta ce, "Ranar nan, kin ga fuskar wanda ya ɗauke ni?"

"Ban gani ba."

"Ni ma ban gani ba. Takalmi na gani. To wanne zan bari a kife wa buta?"

"Sojoji sun fi gashin kai yawa, Mma. Ba shi ba ne."

"Wataƙila. Ki kife, in tayar. Ke kina da dokar kakanki, ni ina da tawa."

Ta tashi ta koma cikin hazon. Na zauna har rana ta cinye shi.

Kakana ya hana korar baƙo da baki. Bai hana tambayarsa ba. Da hantsi na je bakin rijiya na tsaya a kan Saja.

"Me kake nema a cikin kayan mutane?"

Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya ce, "Na taɓa tsaron hanya. Wata lorin doya ta zo, rana ta yi zafi, na gaji. Na ɗaga hannu ta wuce. Ba doya kaɗai ke ciki ba, da makamai a ƙarƙashi. Ƙauyen da ta je, na ga abin da ya rage."

Ban ce masa sannu ba. Na san sannu ba ta yin komai. Na ce, "In da hannunka ka jera kaya tun daga ƙasa har sama, sai ka sake bincikawa?"

Ya ɗago ya dube ni. "A'a."

"To tashi."

Na kai shi gaban Maame a rumfa. Na ce daga yau shi zai tsiba doya, shi zai loda ta a lori, ba wanda zai taɓa sai shi.

Maame ta tafa hannu. "Wanda ya fasa doya na shi ne zai loda? Uwar gida, kai ma ka kamu?"

"Lori ɗaya. In doya ɗaya ta ƙuje, ki tafi, ni zan ɗaukar miki kaya har tasha."

Mutum biyu daga cikin mutanenta ba su jira ba, ranar suka koma gidan tasha, ba su kuma sake dawowa ba. Ita ta tsaya. Ina jin don ta ga kunyata ne.

Ranar kasuwa lori ta zo. Saja ya cire riga ya hau. Ya shimfiɗa ciyawa. Ana miƙo masa doya ɗaya-ɗaya, yana karɓa da hannu biyu kamar jariri, ya juya ta, ya dube ta, ya kwantar, kai da gindi, kai da gindi, ciyawa a tsakani. Bai yi sauri ba. Direba ya yi hon har ya gaji ya je shan koko. Yayyafi ya sauko siriri, rana kuma tana nan, komai ya yi ruwan zinariya. Ban taɓa ganin fuskar mutumin a sake ba sai ranar. Da ya gama ya diro, ya zagaya lorin, ya buga jikinta sau biyu.

Na waiwaya. Mahaifiyata tana ƙofar zaure, ta dafa bango. Kowane soja haka yake buga lori, na sani. Amma na tsaya ina kallonsa har lorin ta ɓace.

Bayan kwana biyar saƙo ya zo daga Kumasi ta bakin direba: ko ɗaya ba ta ruɓe ba. Maame ta aika wa Saja fufu da miyar gyaɗa, ta ce da ni, "Mahaukacinka ya iya aiki." Ba ta ƙara zancen tasha ba.

Bai warke ba, kada in yi ƙarya. Bokitai sun ci gaba da bin layi. Amma buhunan baƙi sun huta, don hannunsa ya samu abin riƙewa. Ya loda doya har ƙarshen kaka.

Wata safiya na fito na ga ɗakin a buɗe, an share, tabarma a naɗe. Yana tsaye da jakarsa a gaban mahaifiyata. Ya ce zai koma gida, wajen Kulungugu kusa da Bawku, ƙanensa ya ba shi gona. Ya durƙusa.

"Mma, na gode da ruwan asuba. Kwana huɗu ina jin takunki."

Sannan ya juyo gare ni. "Uwar gida, dutsen nan bai zama dole ba. Tun ranar farko na gane."

Kunya ta kama ni har kunne. Na raka shi bakin titi, kamar yadda kakana ya ce a yi. Da na dawo na ga butar a ƙofar ɗakin, a kife. Da hannunsa ya kife ta, daidai tsakiyar dokin ƙofa, a miƙe kamar mai fareti. Mahaifiyata ta zo ta tayar da ita, ta cika.

Na ce, "Mma, ba kowa a ɗakin."

Ta ce, "Wani na hanya."

Ban sake jin labarinsa ba. Mahaifiyata ta rasu bayan damina uku. Na kife butoci da yawa bayan nan, ban kuma yi nadamar ko ɗaya ba, don akwai baƙon da ba abin da ya dace da shi sai titi. Abin da ya sauya ɗaya ne: ba na kifewa sai na fara zuwa na tsaya a kan mutum na tambaye shi me yake nema. Wasu ba su da amsa. Wasu suna da ita, ba wanda ya taɓa tambaya.

Yanzu masaukin ya zama gidan haya, jirgin Makango ma ba kamar da ba. Butocin robobi ne, sai guda ɗaya ta ƙarfe. Ita tana nan a ƙofar ɗakin da ke kallon rijiya. In damina ta yi hazo, nakan fito da asuba da ƙwarya. Ƙafata ta hagu ta fara ja. Ina tafiya ina jin takun, ɗaya mai nauyi, ɗaya a ja, sai in rasa ko nawa ne ko nata.

Sai in sunkuya in cika butar, a hankali, don kada ruwan ya yi ƙara.